Hular Agwagwar Baba Sumar

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da na jiyansa ba. Basran na tsugune a bakin murhu tana gasa gurasar shinkafa, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida saboda sanyi ya hana shi tashi. Surukarta, wadda kowa ke kira Jiji, tana zaune a gadon igiya ta lulluɓa da ajrak, mayafin nan mai zanen rini, tana kankare saiwar bado don miyar dare. Rabel, 'yar Basran mai shekara biyar, tana korar kaji da kara zuwa akurki. Ladanin garin Bubak ya gyara murya ke nan zai kira magariba, sai wani abu ya zubo a kan rufin kwano, shaaa, kamar an watsa tsakuwa da hannu.

Jiji ta ɗaga kai. "'Ya'yan mai shayi ne. Ranar da na kama ɗaya sai uwarsa ta kasa gane kunnensa."

Ba ta rufe baki ba abin ya sake zubowa, wannan karon a tsakiyar gidan, a kan faifan gurasa. Babu kowa a kan katanga. Kaji suka yi tsit. Basran ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Ba tsakuwa ba ce. Ƙwayar dalma ce, irin wadda ake cika harsashin bindigar tsuntsaye da ita, a jiƙe take, tana warin taɓon tafki.

Ta ɓoye ta a tafin hannu. Dama ita ba mai yawan magana ba ce.

A cikin kwalekwale aka haifi Basran, a kan tafkin Mancar, cikin masuntan da ke kwana su tashi a bisa ruwa. Mahaifinta, Baba Sumar, ba ya kama agwagin daji da tarko ko bindiga. Yana da hula ta gado: busasshiyar fatar agwagwa da gashinta da kanta, an ɗinka ta a kan kwandon kara, an bar ƙofofin ido a ƙirjinta. Yakan sa ta ya shiga ruwa har wuya, ya yi ta matsawa kamar iska ce ke tura shi, har ya shige tsakiyar garken. Sai ya kama ƙafar ɗaya ta ƙarƙashin ruwa ya ja, ta nutse ba ko kuka, sauran su ci gaba da kiwonsu.

Akwai wani lungu can cikin dogayen ciyayin kacalla da danginsu kaɗai suka san hanyarsa. Ɗakin Baƙi suke ce masa, domin agwagin baƙi ne, da sanyi suke zuwa daga ƙasashen arewa, da zafi su koma. Wurin yana da mai shi, ba a ambatar sunansa, Mai Masauki kawai ake cewa. Tun kakanni akwai alkawari tsakaninsu: mai hular nan zai shiga, zai ɗauki abin tukunyar ranar, ba zai kawo ƙarfe mai tsawa ba. In kuma za a shigar da baƙon mutum, sai wani mai jinin gidan ya tsiyaya madara a ruwa ya ce, "Wannan nawa ne, na tsaya masa."

Imdad, mijin Basran, ɗan gari ne. Yana da shagon hoto a garin Sehwan, yana ɗaukar 'yan biki da masu ziyara. Ɗaukar hoton masunta ya kai shi tafki, can ya ganta tana gyaran koma, ya yi ta dawowa har aka ba shi ita. Jiji ba ta taɓa yafe wannan ba, takan ce ɗanta ya je kamun hoto ya kamo kifi. Shi kuwa abin da ke cin ransa agwagi ne. Yakan ce in ka ɗauke su daga bakin gaɓa, ɗigo-ɗigo ne kawai a kan ruwa, sai kyamara ta sauko daidai da idonsu sannan za su zama masu rai. Ya kwanta a taɓo rub da ciki, sun tashi. Ya kwanta a cikin kwalekwale ya rufa da ciyawa, sun tashi. Yakan dawo gida caɓa-caɓa yana atishawa, Basran ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Da Baba Sumar ya rasu, hular ta dawo hannunta, don bai bar ɗa namiji ba. Imdad ya yi ta lallashi. "Agwagwata, ni ba ci zan yi ba, kallo kawai. Ko gashi ɗaya ba zan taɓa ba. Kin taɓa jin hoto ya kashe wani?"

Da sanyin bara ta kai shi Ɗakin Baƙi. Ita ta tuƙa, ita ta nuna masa inda kacalla ke buɗewa in an ture ta, ita ta tsiyaya madarar, muryarta na rawa ta faɗi kalmomin. Ya naɗe kyamara a leda ya ɗora ta a kan ɗan katako mai yawo daidai haɓarsa, ya sa hula, ya shiga. Hotunan da ya fito da su har daga birni aka zo kallo. Akwai na wata agwagwa mai koren kai, ɗigon ruwa na lilo a bakinta, tana kallonka ido cikin ido kamar za ta tambayi mutanen gida. Basran takan tsaya gaban hoton in babu kowa, ta ji kamar mahaifinta bai mutu duka ba.

Amma bana abubuwa sun canza. Imdad yakan fita da hular tun kafin asuba, ya dawo bai nuna mata hoto ko ɗaya ba. Ya sayi sabon babur. Wata motar masu gonaki ta fara tsayawa a ƙofar shagonsa, in ji mata a bakin famfo. Ran nan da take shanya hular sai ta ga 'yar huda a wuyanta, zagayayya, gashin wurin ya ƙone, ta kuma ji warin albarushi. Ta ɗauko allura ta ɗinke. Ta ce wa zuciyarta wataƙila wasu mafarauta ne can nesa suka yi kuskure.

Daren da dalma ta zubo, Basran ta ajiye wa Imdad ƙwayar a gefen kwanon abinci. Ya dube ta, ya ture da yatsa.

"Yara ne da danƙon harbi," ya ce. "Ke ma kin fara irin ta Jiji?"

Washegari da magariba abin ya dawo, haka jibi. Kullum sai rana ta faɗi, lokacin da agwagi ke komawa makwanci. Dalma a cikin tulu, dalma a cikin garin shinkafa, Jiji ta tauna ɗaya a miya har haƙorinta ya tsage. Daga nan aka fara jin fukafukai. Tsakar gida fayau, amma iska ta cika da kaɗawar fiffike, ɗaruruwa, suna zagayawa ƙasa-ƙasa kamar masu neman wurin sauka sun rasa. Da safe a ga sawun ƙafa mai faɗi a jiƙe, ya taso daga bakin ƙofa ya tsaya daidai shimfiɗar Rabel.

Jiji ta daina zagin 'ya'yan mai shayi, ta koma kan Basran. "Daga ruwanku kika kwaso mana. Mu nan tun kakanninmu ko ɓera bai taɓa yi mana magana ba."

Basran ta sunkuyar da kai. A wannan karon tana ganin tsohuwar ba ta yi ƙarya ba.

Sai ran Talata Rabel ta faɗi. Tana cikin wasa ta saki karan hannunta, ta kwanta rub da ciki a ƙasa, ta ɗora haɓa a kan turɓaya, ta miƙe hannuwa baya. Aka ɗaga ta, ta sandare, aka sake ta, ta koma. Daga nan ƙasa take bin kowa da ido, tana karkata kai gefe guda tana kallo da ido ɗaya. Ba ta ci, ba ta magana. Gashinta kullum a jiƙe, ko an goge sai ya sake tsattsafowa. In ubanta ya shigo sai ta bi shi da kallo har ya fita, shi kuwa ya daina yarda idonsu ya haɗu. Ya kai ta asibiti a kan sabon babur ɗinsa, aka auna, aka ce babu zazzaɓi, aka ba da ruwan magani. Ta dawo ta kwanta inda ta tashi. Kafin Juma'a wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara, numfashinta yana fita da ƙarar ruwa, irin ta wanda aka tsamo daga kogi.

Jiji ce da kanta ta aika a kira Sa'in Gul Hasan, malamin da ke zaune bayan tsohuwar maƙabarta. Imdad ya ce ɓata lokaci ne. Tsohuwar ta ce, "In ka haifi wata ka hana. Wannan tawa ce."

Ya iso bayan la'asar, dattijo siriri mai jan gemu na lalle, yana tafe yana tari. Bai karɓi shayi ba. Ya dubi yarinyar a ƙasa, ya dubi kwanon da Basran ta tara dalmar a ciki, sannan ya naɗe wandonsa ya zauna a turɓaya. Da ya ga har yanzu ya fi ta tsawo, sai ya kwanta shi ma a kan gwiwar hannu, fuskarsa daidai tata.

"Ba a yi wa baƙo magana daga sama," ya ce. "Ku kawo garwashi. Kowa ya zauna, kar wanda ya fita. Kai ma, mai hoto."

Ya zuba turare, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe murhu, ta rufe gadon igiya, ta iso kan yarinyar. Basran na rungume da gwiwoyinta, tana jin sanyi na tasowa daga ƙasa kamar an buɗe rijiya. Can fukafukan suka zo, suka zagaya, sannan a karon farko suka sauka. Shiru ya danne gidan.

Bakin Rabel ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin tulu.

"Ka ƙona ni da karatu, malam. Ni aka zalunta, ni kuma ake ƙonawa."

"Sallama ake fara yi," in ji Sa'in. "Wane ne kai, me yarinyar nan ta yi maka?"

"Uwarta ta san ni. 'Yar Sumar, ko ba ke ba ce kika zuba mini madara?"

Basran ta ɗago ta dubi yarinyar. Ta gyaɗa kai kawai.

"Na yi zamani da kakanta da kakan kakanta. Su shigo su ɗauki ɗaya, in kau da kai. Ta kawo mini wannan, ta ce nata ne. Na bar shi. Na ma so shi, ya iya kwantar da kai, ya iya haƙuri, yakan kalli baƙina ido da ido kamar ɗan'uwa. Har suka saba da hular, in sun gan ta su taso su kewaye ta." Muryar ta tsaya, ƙirjin yarinyar ya yi ƙara. "Sai ya kai hotunansu ga masu bindiga. Ya shigo da su ta ƙofar da ta nuna masa, ya ɓoye su a kacalla. Shi ya sa hula ya shiga tsakiya, baƙina suka taru a kansa suna murna. Da suka cika, ya nutse ƙasa, aka buɗe wuta. Ba sau ɗaya ba. Waɗanda suka karye ba a ma tsince su ba, suna nan suna ruɓewa a ɗakina. Dalmar da na tsinto daga jikinsu ce nake dawo muku da ita."

Jiji ta dafe ƙirji. "Imdad?"

"Ƙarya ne!" Ya miƙe tsaye, sai malamin ya nuna masa ƙasa da yatsa, ya koma ya zauna. "Sa'in, kai ka sani, aljanu maƙaryata ne."

"Akwai maƙaryata a cikinsu," in ji dattijon, "kamar yadda suke a cikinmu." Ya juya ga yarinyar. "Ko da gaskiya ka faɗa, wannan ba ta harbi kowa ba. Ka ji tsoron Wanda ya halicce ni da kai. Fita."

"Jinin wadda ta tsaya masa ce. Ni ban san kotu ba, jini na sani. Ku ba ni idonsa na dama, wanda yake leƙe da shi, in tafi."

"Ba za ka sami ko gashin girarsa ba. Nemi abin da zan iya ba ka."

Suka yi ta ja. Sa'in ya koma karatu, yarinyar ta yi ta birgima tana bugun ƙasa da hannuwa, ruwa na fita ta hancinta, har Basran ta ji kukanta ya kufce mata. Da ya tsagaita, muryar ta dawo a gajiye.

"To, ɗaya cikin biyu. Ya faɗa da bakinsa cewa shi ne, ya ɗauko hular ya kawo mini da ƙafarsa, ya tsaya a ruwa ya ba baƙina haƙuri. Ba zan taɓa shi ba, na rantse da abin da kake karantawa. Ko kuwa ita ta janye maganarta, ta ce ba nata ba ne. In ta janye, babu ruwana da jininta, in saki yarinya. Amma shi ya zama baƙon da ba shi da mai tsaya masa, ni da shi duk inda ruwa ya kai idon sawu."

Sa'in ya dubi Imdad. "Ɗana, ta farko mai sauƙi ce. Ni zan raka ka har cikin ruwan."

Basran ta juyo ta dubi mijinta. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa magana a gaban uwarsa ba sai da mayafi a fuska. Yanzu mayafin ya zame, ba ta gyara ba.

"Baban Rabel," ta ce, muryarta can ƙasa, "na ga hudar da ke wuyan hular. Ni na ɗinke ta. Ka faɗa kawai. Ba zan yi fushi ba, wallahi ko tambayarka ba zan yi ba."

Gumi na zuba a goshinsa duk da sanyin. "Ba ki san mutanen nan ba. Farauta a wurin haramun ce, in maganar ta fita ni za su ba da, su kuwa ko sunansu ba za a ji ba. Shagona, kayana..."

"Nan tsakar gidanmu ne. Daga mu sai Sa'in."

"In shiga ruwan nan? Wurin wannan abin? Ke kin yarda da rantsuwar aljani?"

"Na yarda da taka a bara."

Numfashin Rabel ya fara yankewa. Leɓɓanta sun yi shuɗi, idon nan ɗaya yana kan ubanta. Jiji ta rarrafo ta kama ƙafar ɗanta tana kuka, tana kiransa da sunan yarinta. Ya dubi uwarsa, ya dubi 'yarsa, sannan ya kau da fuska zuwa katanga.

"Ni hoto kawai na ɗauka," ya ce. "Ban san komai ba."

Basran ta ji wani abu ya mutu a ƙirjinta ba tare da ƙara ba, kamar agwagwar da aka ja ta ƙarƙashin ruwa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hular da kofin madarar da ta ɗumama wa yarinyar tun rana ba ta sha ba. Ta durƙusa gaban 'yarta, ta kwantar da kai ƙasa har kuncinta ya taɓa turɓaya. Ta ajiye hular a tsakaninsu. Ta tsiyaya madarar, ƙasa ta shanye.

"Mai Masauki," ta ce, kuma wannan karon muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni ce 'yar Sumar. Wannan mutumin ba nawa ba ne. Ban tsaya masa ba."

"Na ji," in ji muryar. "Ki kawo hular gobe da hantsi, ki sake ta a ruwa. Ƙofar ta rufe, ko ke ba za ki sake ganin ta ba. Na so ubanki, yarinya."

Sa'in ya ɗora hannu a kan Rabel ya ɗaga murya da karatu. Fukafukan suka tashi gaba ɗaya, iskarsu ta kashe garwashin, ta kaɗa ajrak ɗin Jiji, suka haye katanga suka nufi wajen tafki, ƙararsu na raguwa har ta ɓace. Yarinyar ta yi tari, ta amayar da ruwa mai taɓo, sannan ta naɗe ƙafafu ta tashi zaune. Ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya da idanu biyu.

"Yunwa nake ji," ta ce.

Jiji ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ruga murhu da gudun da ba a san tana da shi ba. Sa'in ya miƙe da ƙyar yana kakkaɓe gwiwa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Imdad, bai dube shi ba. "Ka riƙa alwala da buta. Kar ka hau kwalekwale, kar ka tsallaka kwata in ta cika. In wata rana bakinka ya buɗe, ka san gidana."

Da dattijon ya tafi, Imdad ya zo ya tsaya a kan Basran. Tana zaune a ƙasa, Rabel a cinyarta, tana goge mata gashi da gefen mayafi, gashin kuwa yana bushewa.

"A gaban uwata," ya ce. "A gaban baƙo. Kika ce ni ba naki ba ne. Kin miƙa ni, Basran. Kin san abin da kika yi mini?"

Ba ta ɗago ba. Ta karɓi gurasar da Jiji ta miƙo, ta gutsura ƙanana, ta hura, ta sa wa yarinyar a baki, ta jira har ta haɗiye.

"Da ka ce 'ni ne'," ta ce, "da ni zan riga ka shiga ruwan."

Jiji ta zo ta zauna a ƙasa kusa da surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja gefen ajrak ɗinta ta rufe su su uku. Shi kuwa ya daɗe a tsaye a tsakar gidan, babu wanda ya ce masa ya zauna.